Kastad ɗin Gahawa Irin na Faransawan Da

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili mu tuna wa masu girki cewa kafin garin kastad na gwangwani, da ƙwai ake yin abin. Gahawa ta samu karɓuwa a Paris bayan zuwan jakadan Daular Usmaniyya a 1669, daga baya masu girkin Faransa suka riƙa sa ta cikin madara da ƙwai suna gasawa a ƙananan kofuna.

Ga yadda ake yi: madara rabin lita, gwaiduwar ƙwai 6, sukari giram 90, ƙwayar gahawa giram 50. A soya ƙwayar, a juye ta da zafinta cikin madarar da ta tafaso, a rufe minti 20, a tace. Ƙamshi zai shiga, launin kuma ya tsaya fari-fari. Ba a niƙa ƙwayar. Gari yakan kawo ɗaci da tsaki-tsaki.

A kaɗa gwaiduwa da sukari, a riƙa tsiyaya madarar kaɗan-kaɗan ana juyawa. In aka antaya ta gaba ɗaya, ƙwan zai dahu ya yi gudaji. A kwashe kumfa, a zuba a kofuna, a jera su cikin faranti mai ruwan zafi da ya kai rabinsu, a gasa a oven mai zafin digiri 150 a ma'aunin Celsius na kusan minti 35.

Nan ne aka fi kuskure. A sauke tun tsakiyar tana ɗan rawa. In wuta ta yi yawa, sai kastad ɗin ya yi huji-huji, ruwa ya kwanta a ƙasa. Ya huce, a sa a firji awa uku.

Wassalam,
Wasu masu koyar da girki