Kar Ka Jefar da Hannun Nan Tukuna

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana nan lafiya, kai da iyali da yara. Ya aiki, ya kuma haƙuri da nisa? Saƙonka ya iso ni tun shekaranjiya, amma ban so in amsa shi a tsaitsaye ba, don maganar da ka kawo ba ta layi biyu ba ce. Shi ya sa na bari sai daren nan da gida ya yi shiru.

Ka ce ka zaro tsohon hannun gem ɗinka daga ƙasan akwati, ka goge ƙura, ka jona shi da kwamfutar gida da igiyarsa, fitilarsa ta kama tana walƙiya, amma gem ko kallonsa bai yi ba. Daga nan ka yanke cewa ya mutu, za ka jefar. Don Allah dakata. Na ƙura wa hoton da ka turo ido, na gane shi sarai: hannun Xbox 360 ne marar waya, igiyar da ke jikinsa kuma ta caji ce, wadda ake maƙalawa ta sama. Wannan igiya wuta kawai take kai wa batir. Ko ka jona ta, hannun ta iska yake ci gaba da magana, kuma walƙiyar da ka gani kira ce yake yi, yana neman wanda zai amsa masa. Windows ma takan nuna ta ga an jona wani abu, shi ne abin da ke ƙara rikita mutum, amma danne-dannenka ba ta cikin igiyar suke bi ba. Lafiyarsa ƙalau, mai amsa masa ne babu a ɗakin.

Kar kuma ka ɓata lokaci kana nemansa a Bluetooth. Xbox 360 ta fito a 2005, hannunta kuma da siginar kamfanin Microsoft na kansu yake aiki, a zangon 2.4 GHz, wanda kwamfuta ba ta ji sai an saka mata kunne na musamman. Kunnen nan wata 'yar na'ura ce mai jelar USB da suka yi domin Windows, guda ɗaya tana ɗaukar hannu huɗu. Ta asali ta yi wuyar samu yanzu. Na kwaikwayo sun fi yawa, kuma da dama daga cikinsu kwamfuta ba ta gane su da kanta, sai ka shiga Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin da aka jona, ka nuna mata direban da kanka, wato 'yar manhajar da ke sa ta gane na'urar. Idan wata rana ka ci karo da ita, hannun nan zai tashi kamar jiya ka ajiye shi. Ka dai cire masa batir kafin ka mayar da shi akwati, kar ya zubar da ruwa ya cinye ƙarafan.

Abin da ya fi faranta mini rai a saƙonka shi ne ɗan abin da ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, cewa yaronka yana da PlayStation 4 da hannu biyu. To ai ga maganin nan a cikin gidanka. Hannun PS4, wanda ake kira DualShock 4, Bluetooth na gama-gari yake amfani da shi tun fitowarsa a 2013.

Amma kafin ka taɓa maganar iska, fara da igiya. Wannan shawara ce da nake ba kowa, don tana raba gardama tun da wuri. Nemo igiyar micro-USB, ka tabbata mai ɗaukar bayanai ce, domin akwai waɗanda caji kawai suke yi, kuma da ido ba ka bambance su. Hanya mafi sauƙi ita ce ka jona wayarka da ita ka ga ko kwamfuta za ta nuna hotunan ciki. Bayan ka jona hannun, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta joy.cpl, ka shiga. Wata 'yar taga za ta buɗe da sunan duk hannun da kwamfuta take gani. Buɗe bayanansa, ka danna maɓallai ɗaya bayan ɗaya, za ka ga ƙananan da'irori suna kamawa, ka juya sandar analog ka ga alamar tana yawo. Idan wannan ya yi, hannu lafiyayye ne. Duk wata matsala da ta biyo baya, ka san ba daga gare shi take ba.

Sai ka cire igiyar. Riƙe maɓallin Share da na PS a tare na 'yan daƙiƙoƙi, har sai doguwar fitilar gaba ta fara ƙiftawa sau biyu-biyu da farin haske. Ka lura da wannan sosai: ƙiftawa a hankali na nufin tsohuwar na'urarsa yake nema, ta biyu-biyu mai sauri ita ce ta neman sabon gida. A saitin Bluetooth na kwamfuta ka ce a ƙara na'ura, zai bayyana da suna Wireless Controller. Idan ya yi taurin kai, akwai ɗan rami a bayansa kusa da maɓallin L2, ka zura tsinke ka danna, ya koma kamar sabo.

Abu ɗaya da ya kamata ka gaya wa yaron tun kafin ka ɗauka: hannun nan, na'ura ɗaya kawai yake riƙewa a ransa. Da zarar ya kama kwamfuta ya manta da PS4, sai an sake jona shi da ita da igiya an danna PS. Ba lalacewa ba ce, amma yaro zai tsorata idan ya dawo ya tarar hannunsa ya ƙi kunna masa gem. Gara ku ware ɗaya ya zama na kwamfuta.

Yanzu bari in zo inda ni na sha wahala, don kwamfutarka ta tebur ce kamar tawa. Laftof kusan duk suna zuwa da Bluetooth, amma ta tebur sai an duba. Tawa tana da shi a ciki, hannu ya kama ba gardama, sai dai da na ja kujera baya kaɗan sai ɗan wasana ya riƙa gudu shi kaɗai, ko in danna bugu sai bayan an ƙwace ƙwallo ya ɗaga ƙafa. Na canza direba, na sake caji, na goge na sake haɗawa, mako guda ina fama. Ranar da na janyo akwatin kwamfutar don in share bayanta, sai na ga wasu ƙusoshi biyu masu ruwan zinare a tsaye, babu komai a kansu. Wurin ɗaura eriya ne. Na ɗauka ta Wi-Fi ce kawai, tunda kuma da igiya nake samun intanet ban taɓa ɗaura ta ba, tana nan cikin ledarta a kwali. Ashe Bluetooth ma da ita yake ji. Ina murɗa ta, na koma har bakin ƙofa ina dannawa, ko sau ɗaya bai yanke ba. Duba bayan taka tun yau.

Idan babu Bluetooth a ciki gaba ɗaya, akwai ɗan ƙaramin abin da ake sokawa a ramin USB, bai kai filash girma ba. Wurin soka shi ne ke da magana. Ramukan USB 3.0, waɗanda galibi cikinsu shuɗi ne, suna fitar da hayaniya a daidai zangon 2.4 GHz ɗin da Bluetooth ke bi, musamman idan an jona musu hard disk na waje, wato ma'ajiyar bayanai, yana aiki. Kamfanin Intel ya fitar da takarda a kan wannan tun 2012. Don haka ka saka shi a ramin USB 2.0, ko mafi kyau ka samu igiyar ƙari ka fito da shi kan tebur, inda zai riƙa ganin hannunka ba akwatin ƙarfe a tsakani. A ƙa'ida Bluetooth irin wannan yana kai kimanin mita 10, amma wannan a fili ne. Bango, ƙarfe, har jikin mutum, duk suna rage shi. Idan rauta ɗinka, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, na da zangon 5 GHz, mayar da kwamfutar can, ka bar wa hannun hanya.

To ko bayan duk wannan, za ka iya buɗe gem ka tarar bai motsa ba, ko maɓallan sun hargitse, ka danna fasin ya yi maka bugu. A nan ne yawancin mutane ke karaya, alhali an riga an ci rabin aiki. Haɗuwa daban, fahimtar juna daban. A Windows akwai yare biyu da hannun gem ke magana da su. Tsohon shi ne DirectInput, wanda ba ya cewa ga maɓallin kaza, lamba kawai yake bayarwa, na ɗaya, na biyu, na uku, kowane kamfani da tsarinsa. Sabon shi ne XInput, wanda ya zo tare da Xbox 360, inda kowane maɓalli ke da sanannen wuri. Masu haɗa gem sun ga ya fi sauƙi, sai akasarinsu suka koma kansa. Hannun PS4 kuma ba da XInput yake magana ba. Gem yana jin muryarsa amma bai gane me yake cewa ba, sai an samo tafinta.

Tafinta mafi sauƙi shi ne Steam, manhajar da ake sayen gem da buɗe shi a kwamfuta. Tun ƙarshen 2016 suka saka goyon bayan DualShock 4. Ka shiga saitinsa, ɓangaren Controller, ka kunna na PlayStation, shi ke nan. Gem ɗin da ba a Steam ka samo shi ba ma kana iya ƙara shi cikin jerin, ka riƙa buɗe shi ta can, fassarar za ta bi shi. Akwai kuma wata manhaja ta kyauta, DS4Windows, wadda ke sa kwamfuta ta ɗauka hannun Xbox 360 aka jona. Tana da kyau, na yi amfani da ita shekaru. Amma roƙona ka zaɓi ɗaya. Idan ka kunna su biyun tare, gem zai ga hannu biyu, na gaske da na fassara, ka danna ƙasa sau ɗaya ya tsallake layi biyu, ko gem ɗin ƙwallo ya ɗauka ku biyu ne a fili. A ganina ka tsaya kan Steam, ka huta.

Kar ka yi mamaki idan allo ya ce danna A alhali hannunka babu A. Wurin ake nufi: A shi ne X na ƙasa, B da'ira, X na Xbox shi ne murabba'i, Y kuma alwatika. Kwana biyu yatsa zai saba. Ramin iyafis da ke ƙasan hannun kuma kar ka sa rai da shi ta Bluetooth, ka jona abin jin sautinka a kwamfutar kai tsaye.

Ka tambaye ni ko marar waya yana da jinkiri idan aka kwatanta da mai igiya. Idan sigina na da kyau, ni dai ban taɓa jin bambancin da zai hana ni cin wasa ba. Gem mai hoto 60 a daƙiƙa, kowane hoto kusan kashi 17 cikin 1000 na daƙiƙa yake ɗauka, kuma jinkirin da mutane ke ɗora wa hannu sau da yawa daga talabijin yake, idan da ita aka haɗa kwamfutar. Talabijin tana tsayawa gyara hoto kafin ta nuna. Nemi Game Mode a saitinta ka kunna, za ka ji kamar an cire maka dutse daga yatsa.

Idan nan gaba ka ga kana son naka na kanka, wanda ba sai ka jira yaro ya gama ba, na Xbox na zamani ya fi kowanne sauƙin kai a Windows, don yarensu ɗaya. Ka dai kula idan na hannu za ka saya: na farkon Xbox One na 2013 babu Bluetooth, sai daga na 2016. Ana gane su ta robar da ke kewaye da maɓallin Xbox. Idan haɗe take da fuskar hannun, akwai Bluetooth. Idan haɗe take da ɓangaren sama inda maɓallan kafaɗa suke, babu. Na 2020 mai ramin USB-C duk suna da shi, batir AA biyu suke ci. DualSense na PS5 ma yana kamawa, Create da PS ake riƙewa, sai dai maɓallansa na L2 da R2 masu tauri da irin karkarwarsa ta musamman galibi sai da igiya suke aiki a kwamfuta, kuma a gem ɗin da aka gina da su. Amma duk wannan ba na gaggawa ba ne.

Abin da ya sa na zauna na rubuta maka wannan doguwar takarda shi ne abin da ka faɗa game da wuyan hannunka, cewa bayan wuni kana buga kibod a wurin aiki ba ka iya ƙara awa ɗaya a kai da dare, shi ya sa ka daina shigowa. Na yi kewar wasanmu ƙwarai. Tun da ka yi nisa, wannan awa ɗayar ce nake jin muryarka ba tare da ɗayanmu yana sauri ba, muna wasa muna hirar yara da aiki da waɗanda muka rabu da su. Da hannun gem za ka jingina da kujera, ka sauke kafaɗa, ka bar tebur can.

Ka gwada igiyar da joy.cpl gobe, ka ɗauko mini hoton tagar da ta bayan kwamfutarka ka turo, in duba ko akwai wurin eriya. Idan sandar analog ta nuna tana karkata ita kaɗai ba ka taɓa ba, gaya mini, akwai inda ake faɗaɗa mata da'irar tsakiya a Steam, zan nuna maka. Daren Asabar na bar shi a buɗe.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara, musamman mai PS4, ka ce ina roƙon aron hannu ɗaya a madadin babansa. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
abokinka na tun ƙuruciya.