Nana Asma'u ba ita kaɗai Shehu ya haifa ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata Islamiyyar matan aure a nan Bauchi, kuma ina cikin masu bibiyar shirinku na tarihi. Allah ya saka muku da alheri a kan abin da kuka kawo game da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Sai dai ina da ƙorafi ɗaya: kun yi maganarta kamar ita kaɗai ce mace mai ilimi a gidan.

Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ta tashi ne a tsakiyar yayye da ƙanne masu karatu. Yayarta Khadija malama ce, ita ake danganta wa fassarar littafin fiƙihu Muktasar na Halil zuwa Fulatanci, kuma duk wanda ya taɓa zama gaban malami da littafin nan ya san ba ƙaramin aiki ba ne. Akwai Faɗimatu, wadda Asma'u ta yi wa waƙar ta'aziyya da ta rasu.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Maryam. Kowa ya san Asma'u ce ta kafa 'Yan Taru, ƙungiyar ilimantar da mata, tana naɗa jaji, wato jagorar mata mai koyarwa, ta ɗora mata malfa, ta tura ta ƙauye da waƙoƙin koyar da tsarki da salla da zaman aure. To da Asma'u ta rasu a 1864, wa ya riƙe jajojin nan? Ƙanwarta Maryam ce. Ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, bayan rasuwarsa ta koma Sakkwato, ta ci gaba da karɓar mata masu zuwa ɗaukar karatu. Da mutane suka fara ƙaura zuwa gabas neman Mahadi, har wasiƙa ta rubuta wa Sarkin Kano na lokacin a kan batun. Da babu ita, da wuya aikin ya kai inda ya kai. Amma yau makarantun da aka sa wa sunan Nana Asma'u ba su ƙirguwa, sunan Maryam kuwa ɗalibaina sai da na faɗa musu suka fara ji.

Mu mutanen Bauchi abin ya shafe mu, domin Malam Yakubu, Sarkin Bauchi na farko, almajirin Shehu ne, daga hannunsa ya karɓo tuta. A ajina akwai 'yan'uwa biyu, yaya da ƙanwa. Idan ɗaya ta haihu, ɗayar ce ke kai mata darasin ranar har ɗaki, da jaririn a cinya suna bita. Irin waɗannan matan suna da haƙƙin su ji labarin Maryam.

Don Allah ku ware mata shiri guda, ita da Khadija, ku gayyato malamai mata da suka san waƙoƙin, a rera su da Fulatanci a kuma fassara. Ku sa shi bayan isha'i, lokacin da mata suka gama aikin gida.

Wassalam.

Mai sauraronku,
Malamar Islamiyya, Bauchi