A Duba Yadda Aka Raba Kogin Senegal

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Duk lokacin da aka taɓo batun kogin da ya ratsa ƙasashe, rikicin Nilu ake kawowa: Habasha ta fara gina madatsarta a 2011, ta ƙaddamar da ita a 2025, har yau babu yarjejeniyar da ta ɗaure ta da Masar da Sudan. Ni ina ganin an cika mantawa da wurin da abin ya yiwu.

A 1972 Mali da Muritaniya da Senegal suka kafa hukumar OMVS mai kula da amfani da ruwan Kogin Senegal, Gini ta shiga daga baya. Dabarar ita ce madatsun ruwan mallakar haɗin gwiwa ne. Ta Manantali tana cikin ƙasar Mali, amma ba ta Mali kaɗai ba ce. Wutar da take bayarwa ana raba ta bisa kason da aka amince, haka ma bashin gininta. Ta Diama kuwa, kusa da bakin teku, tana tare ruwan gishiri kada ya haura gonaki da rani.

Abin mamaki, ko a 1989 da Senegal da Muritaniya suka yanke hulɗa bayan zubar da jini, hukumar ba ta rushe ba. Kowa na da hannu a tukunyar.

Ba a ce babu aibi ba. Manoman fadama sun yi asarar ambaliyar da suka saba shuka a bayanta, tsargiya kuma ta yaɗu. Ina roƙon jaridarku ta aika wakili ya ji ta bakinsu.

Naku,
Wani mai karatu