Wasiƙa zuwa ga Abba a Dang, inda Jami'ar Ngaundere take a Kamaru

Garwa, daren Lahadi

Assalamu alaikum, Abba.

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da abokin zamanka na ɗaki. Mu nan lafiya lau, sai zafin da ka sani, wanda kai ka tsere masa kana can kan tudu kana lulluɓa da bargo. Saƙon da ka turo wa Mamanka ya iso gare ni, ka san ba ta ɓoye mini irin wannan. Wai ka samu 6 cikin 20 a mekanik, darasin fizik na motsi da ƙarfi, don haka fizik ba naka ba ne, kana so ka bar Ngaundere ka koma Jami'ar Marwa ka karanta falsafa. Na zaɓi takarda ne domin a waya "to Baba" kawai kake cewa, ni kuma ba na sanin abin da ya shiga da wanda ya wuce ta bayan kunne.

Ban hana ka falsafa ba, ka fara riƙe wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka shige ta da gudu, kamar wanda ruwa ya koro ya faɗa zauren da ya fara gani ba sallama.

Bari mu fara da shidan nan. Na daɗe ina koyar da yara fizik a kolej kafin in ajiye alli, kuma na san inda ake faɗuwa. A lise, wato babbar sakandare, ana ba ka ƙa'ida, ka zuba lambobi, amsa ta fito, ka ci bak ɗinka, jarrabawar gama sakandare. A shekarar farko ta jami'a kai za ka gina ƙa'idar, da dabarun lissafi irin su bekta da deribe da antegiral, malami kuwa yana can nesa a ƙasan amfi, babban zauren lacca, yana rubutu yana gogewa, ba ruwansa da wanda ya kwafa da wanda bai kwafa ba. Mafi yawan masu faɗuwa a mekanik lissafi ne ya kayar da su. Ka koma kan takardun TD, wato na atisayen da ake ba ku a aji, tun daga na farko, ka rufe gyaran malami, ka yi da kanka. Kafin ka rubuta ko harafi ɗaya ka zana abin, ka sa kibiyar kowane ƙarfi da ke kansa: nauyi, jan igiya, gogayya. In ka gama ka duba awon amsarka. Wanda aka tambaye shi gudu ya ba da amsa da mita zalla, ba sakan a ƙasa, ya san ya ɓata hanya tun kafin mai gyara ya gaya masa.

Akwai wani aikin ɗakin gwaji da nake so ka yi da zuciya ɗaya idan ya zo, na lilo. Zare ne da ɗan ƙarfe a ƙarshensa, sai agogon hannu mai tsayawa. Zare mai tsawon mita 1 yana zuwa ya dawo cikin kusan sakan 2. Ka canza ƙarfen ka sa wanda ya fi shi nauyi, lokacin ba zai canza ba, muddin ba ka ja shi nesa ba. Ka rage zaren, sai ya ƙara sauri. Daga tsawon zaren da wannan lokaci kake fitar da ƙarfin da ƙasa ke jan abubuwa da shi, wanda littafi ya ce kusan 9.8 ne. To ga inda ake gane ɗalibi. Babban yatsanka ba ya danna agogo daidai, shi ya sa ake ƙirga zuwa da dawowa goma a raba. Duk da haka za ka iya samun 9.5 ko 10.1. Rabin ajin za su koma su murɗe lambobinsu har 9.8 ta fito tsaf, su kai wa malami. Kada ka yi. Ka rubuta abin da agogonka ya ba ka, ka faɗi iyakar kuskuren da hannunka da ma'auninka za su iya yi, ka nemi dalilin bambancin: daga ina ka fara auna zaren, ka kai tsakiyar ƙarfen ko a wuyansa ka tsaya? Wanda ya saba murɗe lamba a nan, ko Marwa ya je hujja zai riƙa murɗewa.

Yanzu falsafar. Na san daga inda sonta ya shige ka. Malaminku na tarminal, ajin ƙarshe na lise, ya iya magana, kuna fitowa daga ajinsa kuna musu a kan Njoh-Mouelle da Marcien Towa, masana falsafar nan na Kamaru, har ƙofar gida. Amma 'yan sa'o'in falsafa da ake ba 'yan siri C, wato 'yan ɓangaren lissafi da kimiyya, ɗanɗano ne. A lisans, wato digirin farko, za a ajiye maka mantiƙi, ilmin tsara hujja, wanda shi ma alamomi ne da ƙa'idoji, ɗan'uwan lissafin da kake gudu. Za a ba ka Aflatun da Aristo da Dekart da Kant da Faransanci mai tauri, shafi ɗaya ya cinye maka yamma guda. Sannan a ce ka rubuta, ka kawo magana, ka kawo mafi ƙarfin abin da zai rushe ta, ka fita da wani abu a hannu. A can ma ana samun 6, kuma ta fi ciwo, domin ba lambar da za ka nuna ka ce ga inda na kuskure.

Kawunka Malam ya ji labarin, ya zo har zaure yana cewa falsafa hanyar ɓata ce, kada in bar ka. Na girmama shi, amma ban bi shi ba. Wannan gardama ta girme mu duka. Shehu Magili, wanda ya zauna Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Imamu Suyuɗi a kan mantiƙi, Suyuɗi yana hanawa, shi yana karewa. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Khadija, ya yi rubutu a kan ilmin hikima a ƙasar Sakkwato, ya rasu 1864. Shi kansa Imamu Gazali da ake kafa hujja da shi, sai da ya karanci masu falsafa ciki da bai, ya bayyana manufofinsu, kafin ya yi musu raddi.

A raddin nan nasa akwai misalin da nake so ka yi tunani a kai. Ya ce ka kusanta auduga da wuta, ta ƙone. Me idonka ya gani? Ya ga haɗuwa, ya ga ƙonewa a bayanta. Bai ga wani tilas da ya ɗaure su ba. Ibn Rushdi na Andalus ya mayar masa da martani cewa in aka cire sabubba to an cire ilmi gaba ɗaya. Bayan Gazali da ƙarni shida da wani abu Bature Hiyum ya sake tayar da tambayar ta tasa hanyar. Ka ga lilon nan naka? Ya yi sakan 2 jiya, ya yi yau. Me ya ba ka tabbacin zai yi gobe? Fizik ba ya amsa wannan, yana aiki ne da shi kawai. Tambayar falsafa ce, kuma a ganina wanda ya taɓa riƙe agogo yana auna abu da hannunsa ya fi wanda bai taɓa ba sanin nauyinta. Dekart masanin lissafi ne kafin komai. Ibn Haisam a Alƙahira da gwaji ya nuna haske daga abu yake zuwa ido, ba daga ido yake fita ba. Dokokin motsi uku da suka kayar da kai Niyuton ya wallafa su a 1687, aka yi fiye da shekara 200 ana ganin ba su da iyaka, sai Ainshitain ya zo a 1905 ya nuna suna da iyaka. Yadda abu zai yi aiki haka daram kuma ya kasance ba shi ne ƙarshen gaskiya ba, wannan ma abin karatun falsafa ne, kuma ba za ka gane shi ba in ba ka san dokokin ba.

Maganar abinci kuwa ba zan ɓoye maka ba. Wutar da nake rubutu da ita daga Lagdo take zuwa, madatsar da aka gama a 1982 a kan Binuwai, kuma ka san yadda muke kwana a duhu idan ruwa ya ja baya da rani. Ga filayen sola an shimfiɗa a Marwa da Gidar. Arewa na bukatar masu sanin lantarki. Mai lisans na falsafa yawanci alli ne a gabansa, ta hanyar gasar makarantar horon malamai. Ni alli ya ciyar da ku, ban raina shi ba, amma ka shiga da ido buɗe. Lisans shekara 3 ce, in ka sauya ka koma farko: wata sefa dubu 50 ta rajista, wani kuɗin ɗaki, ga ƙannenka biyu na tafe a bayanka.

Ga abin da na yanke. Ka gama zango na biyu da iyakar ƙoƙarinka, ka zauna ratirafaj na mekanik, wato ka sake jarrabawar. A tsakani ka ari littafin falsafa guda ɗaya, ƙarami ma ya isa, ka karanta shi daga bango zuwa bango, ka rubuta mini shafi biyu a kan abin da mai shi yake son tabbatarwa da inda kake ganin hujjarsa ta yi rauni. Ka zo da su da takardar sakamakonka a babban hutu. In ka ci mekanik, ka kuma ce har yanzu Marwa kake so, ni da kaina zan raka ka tasha, Kawunka kuma ka bar ni da shi.

Na tura maka sefa dubu 20 ta waya, ka sayi kalkuleta mai kyau ka daina aron ta mutane, sauran ka yi fotokofin TD. Mamanka ta ba direba kilishi da yaji da garin kunu, ka je tasha ranar Talata da hantsi ka karɓa. Ta ce ka kira ta da kanka, kuma kada sanyi ya hana ka sallar Asuba. Ƙannenka suna gaishe ka.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka