Ba kowane ciwon hanta ne na mashaya ba

Edita,

Assalamu alaikum. Wallahi shirinku na lafiya na ranar Asabar ya ɓata mini rai. Likitan da kuka gayyato ya dage cewa ciwon hanta daga giya yake, in ba giya ba to hepatitis B, mai gabatarwa kuma sai "ƙwarai kuwa" yake ta yi. Kun san abin da wannan magana ta jawo wa yayata a nan Agege?

Hajiya ba ta taɓa kai kwalba baki ba, kuma an gwada ta babu hepatitis. Abin da ke damunta shi ne PBC, cutar da garkuwar jiki ke juyowa ta riƙa lalata ƙananan hanyoyin da ruwan maɗaci ke bi a cikin hanta, sai ruwan ya taru ya yi ta cin hantar sannu a hankali. Da ƙaiƙayi ya fara mata, musamman da dare, tana sosa tafin hannu da tafin ƙafa har da mataji sai fata ta yi jini, ga gajiya ko wanki ba ta iya gamawa. Muka yi ta ɗura mata jiƙon shawara da agbo, jiƙon Yarbawan nan da ake sayarwa a tasha, sai da aka yi gwajin jini na ALP (mai duba lafiyar hanta) da AMA (mai nuna alamar wannan cuta) aka gane.

To, tun ranar shirin maƙwabta suka fara kus-kus. Har wata ta zo gaisuwa ta ƙi shan ruwa a kofin gidan. Ba a ɗaukar wannan cuta ta kofi ko ta shimfiɗa! Me ya hana likitanku ya faɗi haka? Me ya hana ya ce kusan 9 cikin 10 na masu ita mata ne, yawanci daga shekara 40 zuwa 60? Cewa wadda uwarta ko 'yar uwarta ke da ita ta fi shiga haɗari, haka mai shan taba da mai yawan cutar mafitsara? Da ya ce barin sigari na daga abin da mutum zai iya yi wa kansa, kuma akwai magani, ursodeoxycholic acid, da ke rage wa cutar gudu in an gano da wuri, da mata da yawa sun nemi gwaji. Yanzu wace mace za ta fito ta ce hantarta na ciwo, a ce mata mashayiya? Ku dawo da shirin, ku kawo likitan hanta na gaske, ku wanke matan nan da kuka shafa wa baƙin fenti.

Sannan layin wayarku. Mutum ya kira, ya shiga, kati na ƙarewa, a bar shi da kiɗa har a rufe shiri, kullum mutum ukun nan ne ke samun magana. Ku gyara.

Naku,
Mai sauraro daga Agege, Legas