Sanarwa ga ƴan rukunin masu kaɗa jita

Assalamu alaikum, ƴan'uwa.

Ganin cewa da yawa daga cikinmu sun fara samun gayyatar yin wasa a gaban jama'a, bayan sun daɗe suna kaɗawa a gida tare da iyalansu, na ga ya dace in ja hankalinmu kan batun tsirkiya, domin ita ce ta fi ba mutum kunya a kan dandamali. Sabuwar tsirkiya tana miƙewa a kwanakin farko, musamman ta nailan, saboda haka wanda zai canza tasa ya canza tun kwana biyu ko uku kafin ranar wasa, ya riƙa jan kowace ɗaya a hankali yana sake saita ta har sautinta ya zauna. Kada kuma a ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka ƙera don nailan, domin ƙarfin janta zai iya lanƙwasa wuyan jitar ko ya ɓamɓare katakon da ke riƙe da tsirkiyoyin.

Idan za a yi kiɗa tare, kowa ya saita jitarsa a kan ma'aunin A 440 Hz, wato sautin da makaɗa suka saba saita kayan kiɗansu a kai don su yi daidai da juna, kafin a hau. Masu jitar lantarki su zo da kebul na biyu.

Masu koya wa yara a gida kuwa, ina roƙonku ku fara musu da ƙaramar jita mai nailan, domin tsirkiyar ƙarfe tana cin yatsun yaro har ya tsani kiɗan tun bai yi nisa ba.