Daren Auta a Osu

Nima, Ankara, Ghana.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, kuma sanyin Hamburg bai sa ka manta da mu ba. Na san shiruna ya yi tsawo, amma abin da idona ya gani a daren Asabar ɗin da ta wuce ba zai bar ni in ƙara jinkiri ba.

Auta ya yi wasa a gaban jama'a. Wani gidan rawa a Osu, can bayan titin Oxford, ya ware dare guda domin DJ na gida masu haɗa kiɗa da kwamfuta, ba a gayyato kowa daga waje ba. Tun watan Mayu aka so yi, sai ya faɗa cikin lokacin da sarakunan ƙabilar Ga suke hana kiɗa da hayaniya kafin bikin Homowo, shi ya sa aka ɗaga.

DJ na farko kiɗan amapiano na Afirka ta Kudu ya yi ta saki, wanda ko'ina ka shiga a Ankara za ka ji. Wata yarinya 'yar Jamestown ta ɗora gangunan kpanlogo a kan bugu mai sauri, kuma da kana nan, kai da ka taka azonto a 2011 har takalminka ya tsinke, da babu mai iya riƙe ka.

Wajen ƙarfe ɗaya Auta ya hau. Ina kusa da shi, ina ganin yatsunsa suna rawa a kan maɓallan na'urar, yana cizon leɓe kamar yadda yake yi lokacin da yake biya allo a gaban Malam. Sai ga kalangu. Ashe a wani biki a Mamobi ya ɗauki sautin da wayarsa, ya yayyanka shi, ya sa yana maimaita kansa, sannan ya shimfiɗa masa bugu mai nauyi wanda ake ji a ƙirji. Ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci, daga nan ya kaure da ihu. Wani saurayi da ban taɓa gani ba ya kama kafaɗata ya ce, "Wallahi wannan namu ne!" Sai da na share hawaye.

Ga damuwata. Baba ya san Auta yana gyaran waya a unguwar Circle, amma bai san da wannan ba. Ba zan ɓoye maka ba, wurin ana shan giya, ko da yake ruwa kawai na ga yaron ya sha, kuma tare muka yi sallar asuba a masallacin unguwa. Da safe Baba ya tambayi inda muka kwana, na ce Osu, ya dube ni bai ƙara cewa komai ba, kuma har yau wannan kallon yana damuna. Gara ya ji daga bakinmu kafin wani ya nuna masa bidiyon, domin tuni ya fara yawo a WhatsApp. Ka san yana jin maganarka fiye da tawa. Ka kira shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ni kuma zan zauna kusa.

Na'urar da Auta ya yi wasan da ita ma ta aro ce. Don Allah ka duba mini nawa ake sayar da ta hannu a wajenku.

Ka gaida mai ɗaki da yara.

Naka,
Amininka na Nima